Ɗan Kantin Da Ya Fitar Da Makaɗan Garinsu Duniya

Jawabin da aka gabatar a taron matasa na ƙungiya



Da 'yan kwamiti suka same ni suka ce in yi magana a kan sana'ar manajan mawaƙa, sai na tambaye su dalili. Suka ce ai yaran unguwa da dama sun shiga harkar waƙa, kowa da wanda yake kira manajansa, wani ma an miƙa masa takarda ya sa hannu bai san abin da ke ciki ba. Na ce to, in haka ne, labarin mutum ɗaya zan ba ku, tun daga farkon aikinsa har ƙarshe, ku da kanku ku tsinci abin tsinta. Sunansa Brian Epstein, mutumin Liverpool ta ƙasar Ingila. Shi ne ya riƙe ƙungiyar makaɗan nan da ake kira Beatles daga 1962 har mutuwarsa a 1967.

Bari mu fara daidaitawa a kan kalmar manaja. Makaɗinmu na gargajiya yana da ubangida, sarki ko attajiri, mai ba shi riga da doki. Yana kuma da sanƙira, mai yi masa kirari yana karɓar kyauta. Manaja daban yake da su duka biyu. In kuna son ku gane shi, ku dubi dillali a kara, ko mai gida a harkar goro. Kaya na wani ne, kuɗi na wani ne, amma shi ke tsakani, shi ke tsayawa a kan ciniki, sa'an nan ya ɗauki la'adarsa. Sai dai hajar manaja mutum ce mai rai, mai fushi, mai gajiya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Samari sun san Liverpool da ƙwallo. Dattawa kuwa sun san ta da jirgin ruwa, domin daga can jiragen Elder Dempster suke tasowa zuwa Ikko, can ne kuma gidan kamfanin John Holt. Gari ne na bakin teku a arewa maso yammacin Ingila, garin 'yan dako da ma'aikatan jirgi da baƙi. A wancan zamani mutanen Landan kallon ƙauyawa suke yi wa mutanen Liverpool, har karin harshensu suke yi wa dariya. Manyan kamfanonin buga faifai duk a Landan suke. Watau komai iya kiɗanka a Liverpool, in Landan ba ta ji ka ba, a unguwarku za ka tsufa.

Shi kansa Epstein jikan baƙo ne. Kakansa Isaac Bayahude ne da ya taso daga Lituwaniya, wadda a lokacin take ƙarƙashin Rasha, ya sauka Liverpool wajen ƙarshen ƙarni na 19. Ya buɗe kantin kujeru da gadaje a titin Walton. Da kasuwa ta buɗe, sai gidan suka saye kantin da ke kusa da su, mai sayar da kayan kiɗa, wanda ake taƙaita sunansa da NEMS. A wannan gida aka haifi Brian ranar 19 ga Satumba, 1934.

Yaron bai yi abin kirki a makaranta ba. An sauya masa makarantu da yawa, ya bar karatu yana da shekara 16. Ya so ya zama mai tsara tufafi, ubansa Harry ya ce atafau, ya sa shi a kanti. Ya tafi aikin soja na dole, kafin wa'adinsa ya cika aka sallame shi. Ya shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo a Landan, nan ma bai ƙarasa ba. Irin yaron nan ne da dangi in sun taru sai a riƙa girgiza kai.

A 1957 uban ya buɗe sabon kanti a tsakiyar gari, ya danƙa masa sashen faifai. To, a nan fa ya tsinci kansa. Ya kafa wa kansa doka: duk wanda ya shigo neman faifai ba zai fita da "babu" ba. In ba shi a kanti, za a rubuta, a nemo shi ko daga ina ne. Yana kuma riƙe da lissafin abin da ke tafiya da abin da ke kwantai. Daga baya suka buɗe wani kanti a titin Whitechapel, shi ke kula da shi.

Wannan doka tasa ita ta haɗa shi da arzikinsa. Kamar yadda ya ba da labari a littafinsa na 1964, a ƙarshen Oktoban 1961 wani saurayi ya shigo neman faifan da wasu yaran garin suka buga a Hamburg ta Jamus. Babu shi a kanti. Garin bincike sai aka ce masa ai yaran suna wasa da rana a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ake kira Cavern, tafiyar 'yan mintoci daga kantinsa. Ranar 9 ga Nuwamba, 1961 ya sa kwat ɗinsa, ya sauka cikin wannan rami mai zafi da warin gumi. Ya tarar da samari huɗu cikin rigunan fata: John Lennon, Paul McCartney, George Harrison, da mai ganga Pete Best. Suna kiɗa suna shan taba, suna cin abinci a kan dandamali, suna ba'a da 'yan kallo. Shi Paul ɗin nan, in gaya muku, ya taɓa zuwa Ikko a 1973, ya ɗauki faifai a ɗakin ɗaukar murya na kamfanin EMI da ke Apapa.

Jama'a, mutumin nan bai iya kaɗa komai ba, bai kuma taɓa riƙe mawaƙi ba. Amma idon ɗan kanti gare shi. Ya ga haja mai kyau da ba a kakkaɓe ta ba. Ranar 24 ga Janairu, 1962 yaran suka sa hannu a takardar yarjejeniya da shi. Abin mamaki, shi bai sa nasa hannun ba. Ya bar gurbin sunansa fayau, domin in ya kasa cika musu alkawari su tafi abinsu ba tare da igiya a wuya ba. Sai a Oktoban shekarar aka yi wata takardar da ya sa wa hannu, wadda ta ba shi la'ada har zuwa kashi 25 cikin 100 idan samu ya yi yawa.

Aikin farko da ya yi shi ne irin wanda ya saba yi a kanti, watau gyara haja kafin a baje ta. Ya raba su da rigunan fata, ya kai su wurin tela aka ɗinka musu kwat iri ɗaya. Ya hana shan taba da ashar a kan dandamali. Ya ce a tsara waƙoƙin da za a yi tun kafin a hau, a zo a kan lokaci, in an gama a rusuna wa jama'a. Duk inda za su yi wasa, sai ya buga musu a takarda: wuri kaza, ƙarfe kaza, kuɗi kaza. Ya kuma ɗaga kuɗin da masu gidajen rawa suke biyansu.

Aiki na biyu ya fi wuya, shi ne buɗe ƙofar Landan. Ranar 1 ga Janairu, 1962, tun ma kafin a sa hannu a takarda, ya kai su gwaji kamfanin Decca. Suka yi waƙa 15. Kamfanin ya ƙi su, ya ɗauki wata ƙungiya ta kusa da Landan. A faɗar Epstein, ce masa aka yi zamanin 'yan jita ya wuce. Ya shiga jirgin ƙasa ya koma gida, ya sake dawowa, ya sake komawa. Wasu kamfanonin ma suka juya masa baya. Ana nan, sai ya kai muryar yaran wani kantin faifai a titin Oxford don a mayar masa da ita kan faifai. Mai aikin ya ji ta yi masa daɗi, ya tura shi wurin wani, shi kuma ya haɗa shi da George Martin, shugaban wani ƙaramin reshe na EMI mai suna Parlophone, wanda aka fi sani da faifan barkwanci. Ranar 6 ga Yuni, 1962 suka shiga ɗakin ɗaukar murya na Abbey Road. Matambayi dai ba ya ɓata.

Sai ga aiki na uku, mai ɗaci. George Martin bai gamsu da mai gangar ba, sauran ukun kuma dama suna son canji. Amma ba wanda ya iya duban idon abokinsa ya faɗa masa. Manaja suka tura. A watan Agusta na 1962 Epstein ya kira Pete Best ofis ya sallame shi, aka kawo Ringo Starr. Masoyan Pete suka yi ta bore a gari, shi Epstein suka riƙa zagi. Kun san abin da Hausawa suka ce, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Duk mai son zama manaja ya san da wannan.

Faifansu na farko ya fito ranar 5 ga Oktoba, 1962, ya kai na 17 a jerin waɗanda aka fi saye a ƙasar. Daga 1963 kuwa abin sai ya zama kamar gobarar daji. A nan ne tasirinsa a kan garinsu ya fito fili, domin bai tsaya a kan Beatles kaɗai ba. Ya ɗauki Gerry and the Pacemakers, waɗanda faifansu uku na farko duk suka zo na ɗaya. Na ukun shi ne waƙar nan da magoya bayan ƙwallon Liverpool suka mayar taken filinsu. Ya ɗauki Billy J. Kramer. Ya ɗauki Cilla Black, yarinyar da take karɓar ajiyar riguna a ƙofar Cavern, ita ma ta zo ta ɗaya sau biyu a 1964. Fiye da rabin makonnin 1963, faifan da ke kan gaba a Ingila na yaran Epstein ne. Landan da take raina Liverpool sai ga wakilan kamfanoninta suna hawa jirgin ƙasa zuwa arewa neman makaɗa. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Saura Amurka, inda mawaƙan Ingila suka sha zuwa su dawo hannu rabbana. A Nuwamban 1963 ya je New York ya zauna da Ed Sullivan, mai shirin talabijin na daren Lahadi da kusan kowane gida ke kallo. Ya yarda da dala 10,000 kacal a kan fitowa uku, da sharaɗin sunan yaransa ne zai zo a kan gaba. Ranar 9 ga Fabrairu, 1964 mutum wajen miliyan 73 suka kalle su. A farkon Afrilun shekarar, waƙoƙi biyar na sama a Amurka duk nasu ne. A Agustan 1965 suka yi wasa a filin Shea gaban mutum fiye da 55,000. Kun ga wannan arahar da ido buɗe ya yi ta. Ya sayar da mudu ɗaya a faɗuwa ya samu kasuwa sukutum.

Akwai halaye biyu da ya kamata a yaba masa. Na farko, cika alkawari. Wasannin da ya karɓa da ɗan kuɗi kaɗan tun yaran ba su yi suna ba, da suka yi suna bai warware ba. Tafiyarsu Ostireliya a 1964 tun a 1963 aka ƙulla ta, kuma aka je. Na biyu, a kudancin Amurka a lokacin ana raba wurin zaman Turawa da na baƙar fata. A Jacksonville a Satumban 1964 yaran suka ce ba su hawa dandamali in an raba jama'a. Ya tsaya musu, har daga baya aka riƙa rubuta wannan sharaɗi a cikin takardun wasanninsu.

To, yanzu ku gyara zama, mun zo inda gizo ke saƙa. Mutumin da ya iya sayar da faifai ɗaya-ɗaya a kanti, sai ga shi zaune da kuraye waɗanda suka tsufa a harkar takarda. Zan ba ku misali huɗu.

Na ɗaya, yarjejeniyar EMI. Kwabo ɗaya na tsohon kuɗi aka yanka musu a kan kowane faifai. Dattawan da suka riƙe fam da sule kafin naira ta zo a 1973 sun san lissafin: kwabo 12 sule, sule 20 fam. Watau sai an sayar da faifai 240 kafin a samu fam guda, a cire la'adar manaja, a raba saura gida huɗu. A 1962 ba za a ga laifinsa ba, tun da babu mai son su. Amma bayan sun zama su ne kasuwar, ɗan ƙari kawai aka riƙa yi, sai a Janairun 1967 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya mai ƙwari.

Na biyu, mallakar waƙoƙin. A 1963 aka kafa kamfanin Northern Songs don ya riƙe haƙƙin waƙoƙin da John da Paul suke rubutawa. Wani mai suna Dick James da abokin kasuwancinsa suka ɗauki rabi, marubutan biyu da manajansu suka raba ɗaya rabin. A 1965 aka kai hannun jarin kamfanin kasuwa. A 1969 Dick James ya sayar da nasa kason ga kamfanin ATV ba tare da ya shawarce su ba, waƙoƙin suka fita hannunsu. A 1985 Michael Jackson ya saye su a cikin kayan ATV a kan dala miliyan 47.5. Mai gona ya wayi gari yana kallon wani yana girbe masa hatsi.

Na uku, kayan tsaraba. Da suka yi suna, kowa yana son riga da hula da 'yar tsana mai ɗauke da hotonsu. Epstein ya ɗauki abin ƙaramin sha'ani, ya miƙa wa lauyansa, bai bi sawu ba. Lauyan ya ba wani kamfani mai suna Seltaeb izinin harkar a Amurka, su ɗauki kashi 90, a ba masu suna kashi 10. Da aka farga aka nemi gyara, sai shari'a ta ɓarke, manyan kantunan Amurka suka janye odarsu. Miliyoyin daloli suka bi ruwa. Ku lura fa, yana da lauya. Abin da ya rasa shi ne zama ya karanta, ya tambaya.

Na huɗu, fim ɗinsu na farko a 1964. Waɗanda suka halarci zaman sun ba da labarin cewa masu fim sun shigo da shirin bayar da har kashi 25 na riba. Kafin su buɗe baki, sai Epstein ya ce shi fa ba zai karɓi ƙasa da kashi bakwai da rabi ba. Haba jama'a! Ko yaron da ya kwana biyu a kara ya san mai kaya ba ya riga mai saye magana. Ka bari a taya, ka ce albarka, a ƙara, ka ce albarka, sai ka ji inda numfashinsa ya tsaya kafin ka sallama. Waccan arahar ta Ed Sullivan dabara ce. Wannan kuwa rashin sani ne, wanda aka ce ya fi dare duhu.

Kada kuma ku ɗauka waliyyi ne. A cikin yarjejeniyar 1967 ɗin nan ta shekara tara, an sa sharaɗin cewa kamfaninsa zai ci gaba da cire kashi 25 har ƙarshenta, ko da yaran sun sauya manaja. Mutumin da a 1962 ya ƙi sa hannu don kada ya ɗaure su, shi ne bayan shekara biyar ya ɗaura igiya a ɓoye cikin takarda. Tsoro ne ya kawo haka, kuma ga mafarin tsoron.

Tun Maris na 1964 ya kwashe ofishinsa ya koma Landan. Yawon duniya ya gajiyar da yaran. A Manila a Yulin 1966 da ƙyar suka fita daga ƙasar, saboda an ce sun ƙi amsa gayyatar matar shugaban ƙasa. Ranar 29 ga Agusta, 1966 suka yi wasansu na ƙarshe na kuɗi a San Francisco, suka ce daga yau sai ɗakin ɗaukar murya. To, shi aikinsa dama shirya tafiye-tafiye ne. Dillalin da aka daina kawo shanu kara, me zai yi? Wa'adin takardarsa da su kuma yana dab da cika. Ya shiga caca, ya dogara da ƙwayoyi, na barci da na hana barci. A Yulin 1967 ubansa ya mutu. Ranar 27 ga Agusta, 1967 aka tarar da gawarsa a ɗakinsa a Landan. Binciken hukuma ya ce maganin barci ne ya yi masa yawa bisa kuskure. Shekarunsa 32. Aka mayar da shi Liverpool aka binne.

Sai bayan ransa aka gane nauyin da yake ɗauke da shi. Yaran suka ce za su riƙe kansu, suka kafa kamfanin Apple a 1968, kuɗi ya riƙa zuba kamar a rariya. A 1969 uku suka zaɓi wani Ba'amurke, Allen Klein, ya zama manaja, Paul ya ce shi surukinsa lauya yake so. Bango ya tsage. A Afrilun 1970 ƙungiya ta watse, ranar 31 ga Disamba na shekarar Paul ya kai sauran kotu. John ya faɗa daga baya cewa tun ranar da ya ji mutuwar Brian ya san sun shiga uku. Garinsu ma bai manta da shi ba, a 2022 aka kafa mutum-mutuminsa a titin Whitechapel, kusa da inda kantin yake.

Ga abin da nake so ku tafi gida da shi. Wanda zai tsaya tsakanin mai baiwa da kasuwa yana bukatar abu biyu, amana da sanin takarda. Epstein yana da na farkon, shi ya sa samari huɗu masu taurin kai suka bi shi shekara biyar da rabi ba su rabu ba. Na biyun ya gaza masa, shi ya sa wasu suka ci gumin yaransa shekara da shekaru.

Kai mai waƙa, kafin ka sa hannu ka yi tambaya huɗu. Waƙar nan bayan na sa hannu ta wace ce? Shekara nawa takardar za ta ɗaure ni? Kason da aka ce za a ba ni, kafin a cire ɗawainiya ne ko bayan an cire? In mun ɓata, ta wace ƙofa zan fita? Ka ɗauki takardar ka kwana da ita, ka kai wa wanda ya iya karatunta, wanda kuma ba shi da rabo a ciki. Wanda duk ya ce maka sai yau sai yanzu, ka ba shi biro ɗinsa. Kai kuma mai son zama manaja, ka riƙe littafin lissafi wanda yaronka zai iya buɗewa ko da yaushe, kada kuma kunya ta hana ka cewa ban gane ba a gaban manya. Iyayenmu 'yan kasuwa, ina jin wannan magana ba ta bar ku a baya ba.

Shugaban taro, na ga kana duba agogo. A nan zan dakata, in akwai mai tambaya ga ni.  Allah Ya sa mu dace.